Toka Mai Ruwan Ɗorawa

"Ba zan faɗa ba, Baba."

Ummusalma tana durƙushe a zaure ta yi maganar, kanta a ƙasa kamar yadda aka hore ta tun ƙuruciya, amma muryarta ko rawa ba ta yi ba. Malam Buba, mahaifinta, ya ajiye carbinsa a kan buzu ya zuba mata ido.

"Mi kika ce?"

"Ka ce in tara matan unguwa in gaya masu kuskure na yi, tokar Inna lafiyarta lau. Ba kuskure na yi ba, Baba. In na faɗi haka na yi ƙarya."

"To, Malama," in ji shi.

Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, don haka tun da aka haife ta Uwata yake kiranta. Ranar ce ta fara jin Malama a bakinsa.

"Gidan nan ba aji ba ne. Koma Kankia inda aka ɗauke ki don ki yi magana. Ranar da kika shirya wanke uwarki, ƙofa a buɗe take. Kafin nan kada ƙafarki ta wuce zauren ga."

Ta miƙe ta ɗauki jakarta. Daga cikin gida tana jin mahaifiyarta tana kora kaji daga bakin rumbu, amma ba a ce ta shiga ta yi sallama ba, ita kuma ba ta roƙa ba.

Toka ce ta jawo duk wannan. Kaf Kusada ba wanda bai san Inna Adawiyya da tokar miya ba. Bayan girbi takan tara karan gero ta ƙone, ta zuba tokar a tsohuwar tukunya mai huji a gindi, ta kwarara ruwa ya yi ta tsiyaya cikin kwano. Ruwan nan take dafawa har ya kafe, ta dunƙula, mata su zo har gida su saya don miyar kuka da kuɓewa da dahuwar wake. Da wannan sana'ar aka yi wa Ummusalma ɗinkin makaranta tun daga firamare har ta gama jami'a, ta dawo tana koyar da kimiyyar sinadarai a wata sakandaren 'yan mata a Kankia.

Sai dai dafa ruwan toka yana cin wuta, itace kuwa ya zama abin da ya zama. Badamasi, yayan Ummusalma, direba ne, yana kai hatsi Kano ya dawo da mota fanko. Wata rana ya ga an jibge wani abu a bayan wata masana'antar jima: ɓarɓashin da inji yake kankarewa daga jikin fata, shuɗi-shuɗi, mai laushi, ba mai nemansa. Ya cika buhuna ya kawo wa uwarsa. In ya bushe aka cakuɗa shi da kara, a hankali yake ci, ya daɗe bai mutu ba. Yana da ƙauri, amma an saba da ƙauri. Aka sa masa suna shuɗiya.

Inna kuwa ba ta zubar da tokar murhu. Abin da ya ƙone a ƙarƙashin tukunya yau, shi take tacewa gobe. Haka ta ga uwarta tana yi. Da shuɗiya ta shiga murhu, sai ruwan tokar ya daina fitowa da launin shayi, ya koma ruwan ɗorawa shar. Mata suka yi ca. Wasu suka ce ta fi kaifi, wasu suka ce miya ta fi kyan gani. Kafin damina ta zagayo, wasu direbobin ma sun fara kawo shuɗiya, masu toka a ƙauyukan Rimaye da Fakuwa sun kwaikwaya.

Wani hutu Ummusalma ta zo gida ta tarar da kwanon yana cika da wannan ruwan. Ta tsaya a kansa. Ta san launin. A ɗakin gwaji na jami'a, a kwalba mai alamar haɗari ta san shi, kuma ba a taɓa shi sai da safar hannu. Ta kama hannun Inna ta juya: tsakanin yatsu ga ƙananan gyambuna zagayayyu, masu zurfi kamar an huda da tsinke.

"Tun yaushe, Inna?"

"Kaifin toka ne. Na sa man kaɗanya, zai warke."

Ta ɗebi ruwan a gora ta kai makaranta. Ta ɗiga masa asid, ya koma ruwan lemo. Ta ƙara wani sinadarin, ya rikiɗe ya zama kore. Manyan masana'antu ba da bagaruwa suke jima ba, da gishirin wani ƙarfe suke yi da ake kira kuromiyam, shi ke ba fatar wannan shuɗin. Muddin yana cikin fata, a kwance yake, bai cika cutarwa ba. Amma in aka ƙone shi cikin iska tare da toka mai kaifi, sai ya sauya hali: ya koma ruwan ɗorawa, ya narke a ruwa, ya ci fatar mutum, ya taɓa ƙoda, kuma an daɗe da sanin yana jawo ciwon daji. Kusan haka masana'antu suke gasa dutsensa in za su fitar da shi. Inna ta yi aikinsu a murhunta ba ta sani ba, kuma unguwa guda tana sha a miya.

Ta koma Kusada ta faɗa. Ta matse lemun tsami a cikin ruwan a gaban kowa don su ga ya sauya.

Malam Buba ya leƙa kwanon ya ce, "Zoɓo ma in kin jefa masa kanwa sauya launi yake. Shi ma guba ne?"

Badamasi ya yi dariya har da buga cinya. "Baba, rabu da ita. An kai ta jami'a da toka, ta dawo tana tuhumar toka."

Ta yi bayani, ta sake yi, ta roƙa, ta yi fushi. Inna ta ci gaba da tacewa. Ran nan kuwa tsakar gida cike da masu saye, wata mai tsohon ciki ta miƙo kwanonta, sai Ummusalma ta riƙe bakin kwanon ta ce, "Kada ki saya. Kada kowa ya saya. Wannan ruwan ɗorawar ciwo ne." Ta gaya masu duk abin da ta sani, a tsaye, a gaban uwarta.

Ba haka maganar ta fita daga gidan ba. Kafin ta kai kasuwa ta zama Adawiyya tana sayar da guba, ɗiyarta ta cikinta ce ta tona. Duk wanda ya rasu a shekarar aka tuno shi. Inna ta kwashe sauran shuɗiyar da kanta ta sa aka binne a bayan gari, ta fasa tukunyar tacewa, amma hakan bai dawo mata da sunanta ba. Masu toka na ƙauyuka kuwa, waɗansu sun tsorata sun bari, waɗansu suna jiran su ji ƙarshen zancen. Malam Buba ya ga hanya ɗaya ce: wadda ta ɓata ta gyara.

A Kankia ɗaki ɗaya Ummusalma take haya, a gidan wata dattijuwa kusa da makaranta. Kusada ba nisa. Ɗan acaɓa yakan je ya dawo kafin a sauke tuwo. Wannan kusancin shi ya fi cinta. Da Legas take, da ta ce nisa ne. Kullum in ta tashi daga makaranta sai ta bi ta inda 'yan acaɓar Kusada suke tsayawa, ko da ba hanyarta ba ce. Tana jin suna kiran garinsu, tana duban fuskokin masu sauka ko za ta ga wadda ta sani. In ta gani kuma sai ta kau da kai, don ba ta son a koma a ce an gan ta ta rame.

Ta koyi yin tuwo na mutum ɗaya, wanda ba ta taɓa sanin ana yi ba. Miyarta da kanwa take yi, kuma duk yadda ta kaɗa ba ta kama ƙafar ta gida. Azumi ya zo, ta sha ruwa ita kaɗai a bakin ƙofa. Da salla ta ɗinka atamfa ta aika wa Inna ta hannun wani direba, aka dawo mata da ita a ƙullinta, ko kwancewa ba a yi ba. Ta san ba Inna ce ta mayar ba. Inna ba ta da waya tata, ta Baba ake kira, Baba kuwa in ya ga lambarta sai ya bar ta ta yi ta ƙara. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Dattijuwar gidan ta taɓa ce mata, "Ke dai 'yar nan wuyanki ba ya lanƙwasa." Ummusalma ta ce, "Haka aka haife ni, Iya," ta shige ɗaki ta rufe.

Ranar da manhaja ta kawo ta kan kuromiyam, ta shiga aji da cokali a hannu. Ta ce wa 'yan matan su dubi abin da ya hana cokalin nan tsatsa: kuromiyam ne aka gauraya da ƙarfe, yana yin wata fata siririya a sama wadda ido ba ya gani, in an karce ta sai ta sake rufewa da kanta. Ƙyallin salansar babur ma shi ne. Ta ba su labarin wani jan dutse da aka tono a Siberiya, da masanin Faransa da ya fitar da sabon ƙarfe daga cikinsa fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce, aka raɗa masa suna daga kalmar Girkawa mai nufin launi, saboda duk inda ya shiga sai ya rina. A duwatsun ado, jan yaƙutu shi ne, koren zumurrudu shi ne, an daɗe ana fentin rawaya da shi.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu. "Malama, to shi abin kirki ne ko mugu?"

"Ya danganta da abin da aka yi masa," in ji Ummusalma. Ta so ta ci gaba, sai ta ga hannun Inna a idonta, da yadda yatsun suke tsinke zaren ɗinki, da yadda suke tsaga mata kitso ranar Juma'a. Ta juya ga allo ta yi ta goge abin da ba ta gama rubutawa ba.

Bayan girbi Badamasi ya zo. Ta fito daga makaranta ta tarar da motarsa a gindin darbejiya, shi kuma yana zaune a kan bodi yana cin gyaɗa.

"Likitar toka," ya ce. "Ashe kina raye."

"Direban bola. Yau me ka kwaso?"

"Kin ga bakin nan naki? Shi ya hana ki miji." Ya diro ya miƙa mata gyaɗar. Ta karɓa. Ya dube ta sama da ƙasa, dariyar ta ragu. "Kin rame, Ummu."

"Aiki ne. Ya Inna?"

"Tana nan. Hannun ya warke. Sa'a ta sauka. Mace. Jibi suna."

Sa'a matarsa ce, kuma tun suna yara ƙawar Ummusalma ce. Ta ji daɗi har ta manta ta riƙe masa hannun riga. "Barka, Yaya. Wa ta ɗebo?"

"Ke, wallahi. Har tsiwar. Tun da ta faɗo take mana tsawa." Ya share hannunsa a wando. "Baba ya ce in gaya maki, ranar suna duk matan za su taru. Ba sai kin bi gida-gida ba. Ki tsaya ki faɗi kalma biyu, a wuce wurin."

"Wace kalma?"

"Ni na sassauta maki ma. Ba sai kin ce ƙarya kika yi ba. Ki ce kin sake bincikawa, ashe abin bai kai yadda kika zata ba. Shi ke nan. Inna ta bari, ni na bari, wa za ki cuta?"

"A Fakuwa an bari?"

Ya kau da kai.

"A Rimaye fa? Yaya, ka fi ni sanin motocin da ke kawowa. Waɗanda suka bari, maganata ce ta sa suka bari. Ranar da na ce bai kai ba, washegari za su hura."

"Su ne uwarki?"

Ta mayar masa da sauran gyaɗar.

"Ki zo dai," ya ce, yana hawa mota. "Ko ba don mu ba, ki ga yarinyar."

Ta zo. Ta sayi sabulu da 'yan kayan jarirai, ta ɗaura atamfar da aka dawo mata da ita, ta hau acaɓa da hantsi. A hanya an gama yankan gero, kara a kwance cikin gonaki, ana ɗaure dammuna. Ta san kowace kwana, ta san kukar da in an wuce ta an shigo ƙasarsu. Tun daga bakin layi ta jiyo ƙamshin waina da hayaniyar mata, sai ta ce wa ɗan acaɓar ya tsaya ta ƙarasa da ƙafa.

Maza sun watse daga raɗin suna. Malam Buba shi kaɗai ne a zaure, ya tsufa fiye da yadda ta bar shi. Ta cire takalmi ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa gaisuwar har ƙarshe, ya tambayi makaranta, ya tambayi mai gidan da take haya. Sannan ya ce, "Kin zo da maganar?"

"Na zo barka, Baba."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Kafin ta amsa, labulen ƙofar ciki ya motsa. Inna Adawiyya ta tsaya a bayansa, rabin fuskarta a waje. Ba ta shigo zauren ba, Ummusalma kuma ba ta da izinin ƙarasawa. Tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba.

"Ummu."

"Inna," in ji Ummusalma. "Ina kwana. Ya hannun?"

Inna ta fito da hannun ta gefen labule ta juya shi. Gyambunan sun rufe, sai 'yan tabo farare. "Kin gani. Ni ban taɓa cewa ƙarya kika yi ba. Tun ranar da kika kama hannun nan na san gaskiyarki."

"To, Inna…"

"Tsaya in gama. Yau sunan jikata. Tun asuba ake girki a gidan ga, kin san mi aka ba ni? Tsintar shinkafa ma ba a ba ni ba. In na nufi tukunya sai wata ta ce, Adawiyya huta, kin gaji. A gidana. In na aika da tuwo maƙwabta, kaji ake zuba wa. Ni da ba a biki a unguwar ga sai an ce in zo in ɗanɗana miya." Ta gyara mayafinta. "Ban ce ki yi don Malam ba. Ki shigo ki faɗa don ni. Ki zauna ki ci abinci, ki ɗauki ɗiyarki."

A ciki jaririyar ta tsala kuka, wata ta rangaɗa guɗa, aka yi dariya. Ummusalma tana hango gefen rumbu ta ƙasan labulen, da turmin da ta koyi daka a cikinsa. Kalmomin da Badamasi ya shirya mata suna nan a bakinta, gajeru, masu sauƙi. Taku kaɗan ne. Za ta faɗa, mata su ce ai dama mun sani, Inna ta ɗauki ludayinta, ita kuma ta kwana yau a ɗakin da ta girma.

Ta tuna mai tsohon cikin nan da kwanonta a miƙe. A Fakuwa akwai irinta, kuma ba wanda zai riƙe mata bakin kwano.

"Inna, zan shiga in gaya masu ba ki sani ba, ba wanda ya sani, kuma ke kika fara bari. Zan faɗa a gaban kowa, sau nawa kike so. Amma ba zan ce abin ba ya cutarwa ba."

"Wannan sun ji shi tuntuni," in ji Malam Buba. "Bai hana su zuba wa kaji tuwonta ba."

"Shi kaɗai nake da shi, Baba."

Inna ta daɗe tana dubanta. Ba ta yi fushi ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce, "Allah ya yi maki albarka," ta saki labulen.

Ummusalma ta ajiye ƙullin kayan jarirai a gefen buzun mahaifinta. Ya dube shi bai ce ta ɗauke ba. Ta yi masa sallama, ta sa takalminta, ta fita ta bi layin da kanta a ɗage, tana gaida duk wanda ta sani da sunansa, don kada wani ya ce ya ga hawayenta. Sai da babur ya bar gari ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Har yau tana Kankia. Shuɗiya ta ragu a murhun masu toka, ko da yake ba ta ƙare ba, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mata an gode. 'Yar Badamasi ta fara tafiya, Ummusalma ba ta taɓa ɗaukarta ba. Malam Buba bai sake kiran Ummusalma ba. Inna Adawiyya tana zuwa biki ta zauna a gefe, hannunta a cinya, kuma ɗiyarta ta san da kalma biyu za ta iya tashinta daga wurin, ta ƙi faɗa. Abin da tsayuwarta ta ci ke nan: gidan ubanta, da abincin hannun uwarta, da mutuncin uwar a idon unguwa, wanda ba nata ba ne amma da shi aka biya.